Lokacin da Son Waƙar Shata Ya Zama Abin Kunya Ga Ɗan Makaranta

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo ba wani babban abu ba ne a ido, amma ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu, sai ga wasu samari huɗu 'yan sakandare sun zo a dafa musu indomi. Ana cikin haka wayar ɗayansu ta ɗauki ƙara, kuma ƙarar nan ba wata ba ce illa kotson Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Kafin yaron ya laluba aljihu ya kashe ta, sauran ukun sun tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Wannan ya ce masa "Baba tsoho", wancan ya tambaye shi ko jiya motar shanu ta sauke shi. Yaron ya yi yaƙe, ya ce ai wayar kakansa ce ya aro. Ni kuwa na san ƙarya yake yi, domin ni ma na taɓa yin irin wannan ƙaryar sak, yau sama da shekara arba'in ke nan.

Tun daga daren nan nake ta juya maganar a raina. Yaya aka yi kiɗan da sarakuna suke tashi tsaye dominsa ya zama abin da ɗan Bahaushe yake ɓoyewa a aljihu kamar kayan sata? Abin yana da tarihi, kuma tun da wani yanki nasa a kaina ya faru, bari in fara da nawa.

A shekarar 1982 aka kai ni wata makarantar kwana ta sakandare, ina ɗan shekara goma sha uku. Daga wani gari na kudancin ƙasar Katsina na fito, inda mahaifina yake fataucin hatsi zuwa kasuwannin Funtuwa da Ɗandume. Ranar da zan tafi, kawuna, wanda direban babbar mota ne, ya kira ni gefe ya ce, "Ungo, ɗana, in kewar gida ta dame ka." Kaset uku ne ya danƙa mini: ɗaya na Mamman Shata, ɗaya na Ɗanmaraya Jos, ɗaya na Ɗanƙwairo. Na sa su ƙasan akwatin ƙarfena, ƙarƙashin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ina jin kamar an ba ni gonar gado. A gidanmu waɗannan muryoyi su ne gishirin hira. Da su ake sussuka, da su ake awo, da su kawu yake raba dare a kan hanyar Legas. Ban taɓa zaton akwai wurin da za a yi wa mutum dariya saboda su ba.

To ashe akwai. Makarantar nan cike take da 'ya'yan ma'aikata daga Kaduna da Zariya da Kano, kuma abin da ake yayi a lokacin shi ne disko da rege. Bob Marley bai daɗe da mutuwa ba, hotonsa yana manne a murfin akwatin kusan kowane siniya. Maikal Jaksin kuwa a ƙarshen wannan shekara ta 1982 ya fitar da faifan nan nasa da ya girgiza duniya, kuma kafin mu kai aji uku babu ɗakin kwanan da ba za ka sami wani yaro yana sanye da safar hannu guda ɗaya ba, yana jan ƙafa da baya a kan siminti har takalminsa ya cinye. Waɗanda ba su iya wannan ba sai su koma wa Indiya, su Amita Baccan da Mitun, musamman bayan da fim ɗin Disco Dancer ya shigo. Kada in yi wa kaina tsarki, ni ma ina son Indiya, na kuma sha satar fita kallo. Amma idan dare ya yi tsit, kalangu nake son ji.

Akwai wani taro da ake yi mana daren Asabar a babban ɗakin cin abinci, ana ce da shi soshiyal. Ana kawo rikoda da lasifika, kowane aji ya ba da kaset. Wata Asabar, ina aji biyu, ƙaddara ta sa na lallaɓa na miƙa na Shata. Wallahi ko amshi na biyu ba a kai ba ɗakin ya kaure da ihu, ana buga tebura, ana cewa a cire. Wani siniya ya fizge kaset ɗin tun rikodar ba ta gama tsayawa ba, zaren ya warware ya tsinke, ya jefo mini shi a ƙirji. A daren nan a bayan ɗakin kwana na zauna, da tocila a baki, ina naɗe zare da biro, na haɗa inda ya tsinke da ɗan salatif. Tun daga ranar sunana ya ɓace, aka koma kirana Sanƙira, har na bar makarantar a 1987. Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa: na goge sunan Shata daga jikin kaset ɗin, na rubuta na Maikal Jaksin. Wanda duk ya kama ni ina saurare kuwa, sai in ce na kawuna ne, ajiya ya ba ni.

Yanzu bari mu koma baya, domin raina makaɗi ba a makarantar boko aka fara shi ba. Tun asali ƙasar Hausa ta raba kiɗa gida-gida. Fada tana da tambari da kakaki da algaita da taushi da kotso. Kowace sana'a kuma da nata: kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, komo na mafarauta. Goge da garaya kuwa an jingina su da bori da gidajen mata masu zaman kansu, saboda haka mutumin kirki ko yana so sai dai ya saurara daga nesa. Sai dai duk da wannan tsari, Bahaushe ya daɗe da wata ɗabi'a mai ban mamaki. Yana son waƙa kamar ransa, zai tuɓe babbar riga ya ba mawaƙi, zai ba shi doki, amma idan mawaƙin nan ya aiko neman auren 'yarsa sai fuska ta canza, a ce ai maroƙi ne. Wato ana son zuma, ana ƙyamar mai ɗebo ta. Malamai kuma tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suke rubutu a kan wane kiɗa ne ya halatta, wane ne bai halatta ba, kuma wannan muhawara ba ta taɓa mutuwa ba.

Shi kansa Shata da wannan ya fara cin karo. An haife shi a Musawa a 1923, kuma ba gidan kiɗa ya fito ba. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan, don a ganinsa roƙo ne, zubar da girman gida ne. Yaron ya yi tallan goro da alewa, amma hankalinsa yana dandali, inda samari da 'yan mata suke wasan asauwara da dare. Ka lura da kyau, mai karatu, a nan ne gizo yake saƙa. Kiɗan da abokaina suka kira na tsofaffi a 1983, shi ne kiɗan samari marasa jin magana a shekarun 1940. Dattawan wancan lokaci kallon shashanci suke yi masa, makaɗan fada kuma ba su ɗauki mai kalangu a bakin komai ba. Da kakannin abokan nawa za su tashi su ga jikokinsu suna raina Shata wai don ya cika tsufa, da sun riƙe baki.

Abin da ya ɗaga darajar makaɗan Hausa zuwa inda ba su taɓa kaiwa ba shi ne faifan garmaho da rediyo. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Daga nan muryar da a da sai ka je fadar Isa ko Maradun ko Katsina kafin ka ji ta, sai ga ta a rumfar tela a Kumasi da zangon Agadas. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, bai daɗe a wannan zamani ba, amma da yake an riga an ɗauki muryarsa, rediyo ta raya shi fiye da yadda ya yi suna yana da rai. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna waƙoƙin da har gobe ake sa su. Shirin Zaɓi Sonka ya sa ɗan ci-rani a Legas yana aika gaisuwa ƙauyensu da waƙar da ransa yake so. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Shata da Ɗanmaraya duk sun yi wa sojoji waƙa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, Shata bai bari abin ya wuce shi ba, sai da ya yi wa kumbon nan Apollo 11 waƙa. To ka ji wanda ake cewa bai san zamani ba.

Ɗanmaraya kuwa, wato Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukur kusa da Jos a 1946, shi nasa salon daban ne. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da tawagar makaɗa. Kuntiginsa ɗan gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, da tsirkiya guda ɗaya tak, kana iya sa shi a aljihun riga. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ɗan adam da halinsa, ya yi wa auren dole, ya yi wa talakan da babu mai tuna shi. Kawuna ya sha gaya mini cewa shi da yaran motarsa ba su taɓa jin wani ya ɗauke su mutane ba sai da wannan maraya ya ambace su.

Har ila yau kada a ɗauka makaɗanmu sun toshe kunne daga abin da ke shigowa. Finafinan Indiya sun fara shiga silimun Arewa tun shekarun 1950, kuma Abdu Yaron Goge a Jos ya riƙa ɗauko karin waƙoƙinsu yana zuba su a gogensa. Kukuma ta yi tashe a hannun su Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam, kuma ita ma a lokacinta kiɗan 'yan birni ce, kiɗan 'yan ƙwalisa. Bala Miller kuma ya ɗauki jita da ƙahonin Turawa ya rera da Hausa. Ashe ke nan ba sabon abu ne ya kori tsoho ba, domin sun daɗe suna ci a akushi ɗaya.

To mene ne ya canza a tsakanin 1975 da 1985? A ganina abu uku ne suka haɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko kuɗin mai. Bayan ƙarin albashin Udoji, wanda ya shiga hannun ma'aikata a farkon 1975, rikoda ta cika gari, su National da Sharp da Sony. Shi kaset kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro shi tun 1963, amma sai a wannan lokaci ya zama abin kowa da kowa a wurinmu. Amfaninsa shi ne yaro ba ya bukatar jiran abin da mahaifinsa ya kama a rediyo. Yana iya zaɓen nasa, ya shige ɗaki da abokansa. A karo na farko kunnen uba da na ɗa suka rabu.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ciwo, makaranta. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka kwararo makarantu, abin alheri ne babu shakka. Amma a yawancin makarantun kwana na lokacin, yin Hausa laifi ne. Ana kiran ta banakula, ana rubuta sunan wanda ya yi, a ci shi tara ko a ba shi yankan ciyawa. To yaron da aka yi shekara biyar ana hukunta shi saboda harshen uwarsa, yaya za a yi ya fita yana alfahari da waƙar da aka yi da wannan harshe? Abokaina ba mugaye ba ne. Darasin da aka koya musu suka haddace: duk abin da ya zo da Turanci wayewa ne, duk abin da ya zo da Hausa gidadanci ne. Indiya ta tsira ne kawai don ba ta jin Hausa.

Na uku wa'azi. A waɗannan shekaru ne wa'azin ƙyamar kiɗa ya ƙara ƙarfi a garuruwa da makarantu. Ba ni da ilimin da zan shiga wannan fage, na bar wa malamai. Abin da na gani da idona dai shi ne, ɗan makaranta irina ya shiga tsaka mai wuya: 'yan disko suna ce masa baƙauye, ustazai suna ce masa mai sauraron shaiɗan. Abin dariyar shi ne ɓangarorin nan biyu ba sa ga maciji da juna, amma a kan kaset ɗina bakinsu ya zo ɗaya.

Alhali kuwa, lokacin da muke wannan shirme, manyan masana suna can suna ɗaukar abin da muhimmanci. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka, kuma a kan Shata ya yi shi. A 1988, shekara guda bayan na bar sakandare, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. Jami'ar Jos ita ma ta yi wa Ɗanmaraya irin wannan. A Jami'ar Bayero, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana bin makaɗa gari-gari yana rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Ranar da na ji labarin digirin Shata a rediyo, na ɗauko kaset ɗin nan mai ɗaurin salatif, na kankare sunan Bature, na mayar da na mai shi. Sai dai babu ko ɗaya daga cikin masu kirana Sanƙira a kusa, balle in nuna masa.

Yanzu sai mu zo nan gida. Wasu daga cikin yaranmu suna ɗauka Hausa baƙuwa ce a wannan yanki, to ba haka ba ne. Shi kansa sunan Abuja na Bahaushe ne: Abu Ja, ɗan'uwan Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe wanda masu jihadi suka fitar daga Zariya. Abu Ja ya kafa garinsa a 1828, kuma sarautar ta taho da tamburanta da kakakinta. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni a ranar 3 ga Fabrairu 1976, aka ɗauki sunan aka ba birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wanda duk yake son jin kiɗan fada da kunnensa, ba sai ya je Katsina ba, ya shiga mota ya je hawan salla a Suleja.

Gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, shekarar da Ɗanƙwairo ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ni kuma na iso a 1992 da 'yar takardata, ina neman aikin akawu. Waɗanda suka zo a wancan lokaci za su tuna yadda Kado take: gidajen 'yan'uwanmu Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, masu ƙasar da suka karɓe mu, da gonakin doya da dawa, da jar hanya mai ƙura da rani, mai taɓo da damina. Rukunin gidajen Gwarimpa sai a zamanin Janar Abacha aka fara shi. Mu Hausawa kuwa tarkace ne daga ko'ina: lebura daga Zamfara, mai gadi daga Maraɗi, ɗan ga-ruwa daga Damagaram, mahauci daga Kano, direban tifa daga Funtuwa, da irina masu ɗan boko da ba su da kuɗin haya a Garki ko Wuse. Yawancinmu babu iyali a kusa. Idan an tashi aiki sai a taru wurin mai shayi, a karo-karo a sayi batir, a murɗa rediyo a kamo Kaduna a kan mita 49, in ta yi shuu a sa kaset.

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Kaset ɗin da aka jefe ni da shi a makaranta, a Kado shi ya sama mini wurin zama a kan benci. Basakkwace da Bakano suna iya yin musu a kan komai, har a kan yadda ake kiran abu, amma da an sa Narambaɗa sai kowa ya yi shiru. Mutanen Nijar sun fi mu haddace Ɗan'anace da waƙoƙinsa na 'yan dambe. Wani dattijo mai gadi, mutumin Gobir, shi ya riƙa warware mini kalmomin Narambaɗa da na yi shekaru ina rerawa ban san ma'anarsu ba, ni da nake taƙama da satifiket. Kuma zancen kafa ƙungiya irin wannan tamu, da asusun kai gawa gida, da neman filin masallaci, ai duk a irin wannan zama aka fara su, kalangu yana tashi ƙasa-ƙasa a bayan hira.

A can gida kuwa wani sabon abu yana tasowa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin bidiyo na Turmin Danya, kuma kafin shekara goma finafinan Hausa sun mamaye ko'ina. Da su aka sami waƙar fiyano, wadda ake kira nanaye, musamman bayan fim ɗin Sangaya. Yaro ɗaya da fiyanon Yamaha a ƙaramin ɗaki yana fitar da sautin kalangu da sarewa da ganga, ba tare da ya taɓa fata ba. Sai aka wayi gari samari sun dawo wa Hausa, amma ba su dawo wa makaɗa ba. Mu kuma, mu faɗi gaskiya, sai muka ɗauki sandar da aka doke mu da ita muka hau dukan ƙannenmu, muna cewa wannan ai Indiya ce da hula.

Ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999, mako uku bayan an rantsar da Obasanjo a Dandalin Eagle, Shata ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka rufe. A daren nan teburin mai shayi bai ɗauke mu ba, har kan duwatsu aka zauna. Bayan kwana biyu, da yamma, sai ga wata mota ta tsaya ƙofar ɗakina. Wanda ya fito ɗan ajinmu ne, mai safar hannu guda ɗaya ɗin nan, yanzu ya zama babban ma'aikaci, ga tumbi ga babbar riga. Lokacin babu wayar hannu, tambaya ya yi ta yi har aka nuna masa inda nake. Bayan mun gaisa ya yi ta kewaye-kewaye, can dai ya ce, "Sanƙira, don Allah kaset ɗin nan naka suna nan?" Ya ce tun da ya ji rasuwar yake tuna mahaifinsa, wanda ba ya tuƙi sai da Shata, shi kuma a lokacin yakan toshe kunne a bayan mota. Na ba shi aron guda biyar. Har yau bai dawo da su ba, ni kuma ban tambaya ba.

Daga nan abin ya riƙa tafiya da sauri. Bayan shekarar 2000 an taƙaita kiɗan biki da wasan dandali a wurare da dama na Arewa, makaɗa da yawa suka rasa inda za su ci abinci, 'ya'yansu suka kama acaɓa da wasu sana'o'i. Hajiya Barmani Choge, uwar kiɗan ƙwarya ta Funtuwa, ta rasu a 2013. Ɗanmaraya ya bi ta a ranar 20 ga Yuni 2015. A Jamhuriyar Nijar tun 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya don kada su ɓace. Gaskiya ne mawaƙa irin su Aminu Ala da Naziru Ahmad sun dawo da salon waƙar sarauta, samari kuma sun karɓa, na kuma yaba musu. Amma yawanci a kan fiyano ake yi. Sautin kotso yana nan, mai iya ɗaure kotso ne yake ƙaranci.

Yaron nan na teburin mai shayi kuwa, nasa ya fi nawa nauyi. Ni Hausawa 'yan'uwana ne suka yi mini dariya, kuma da na koma gida hutu, gari gaba ɗaya yana bayana. Shi a Abuja aka haife shi. A makarantarsu ko waƙar fim ɗin Hausa ya sa, balle Ɗanƙwairo, akwai mai ce masa "aboki", kuma duk mun san ba abota ake nufi ba. Abokan nasa uku da suka yi masa dariya su ma 'ya'yanmu ne, kuma na lura da Turanci suka yi masa rabin ba'ar. Ba ni cewa a hana su jin Davido ko Burna Boy, wanda ya hana yaro kiɗan zamaninsa ya manta da mahaifin Shata. Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya ji duka biyu ya zaɓa, da wanda bai taɓa jin ɗayan ba sai a matsayin abin dariya.

Washegari na sa aka kira mini shi. Ya zo yana ɗari-ɗari, yana zaton ƙararsa aka kawo. Na ce, "Ɗana, wayar nan ta kakanka ce da gaske?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baba, tawa ce." Ashe a intanet ya tsinci waƙar, ya kuma tara wasu kusan talatin, sai dai rabin kalmomin ba ya gane su, kuma yana jin nauyin tambaya. Na shiga ɗaki na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado. Kaset sittin da huɗu na ƙirga. Bai taɓa riƙe kaset a hannunsa ba, sai da na nuna masa yadda ake naɗe zare da biro. Da muka gwada su a tsohuwar rikodata, goma sha ɗaya sun riga sun lalace, damshin damina ya manne zaren, cikinsu har da wani na wasan Shata a gidan biki wanda kawuna ya ɗauka da kansa, wanda na tabbata babu irinsa a ko'ina. Mai ɗaurin salatif ɗin nan dai yana nan, yana kuma yi, in ban da ɗan tsalle da yake yi idan ya zo wurin ɗaurin.

Yaron ya ce ya san yadda ake juyar da su zuwa waya idan aka sami igiyar da ta dace, kuma mun riga mun gama guda tara. Saboda haka ina roƙon duk wanda yake da irin wannan kwali a gida, musamman kaset ɗin da aka ɗauka a wurin biki ko a fada ko daga rediyo, ya taho da shi taronmu na wata mai zuwa, a rubuta sunan mai shi a jiki, za a mayar masa da abinsa. Muna kuma neman dattijo ɗaya ko biyu daga mutanen Sakkwato ko Gobir da za su riƙa zama da yaran ranar Lahadi bayan la'asar, domin akwai kalmomin Narambaɗa da ni ma har yanzu sai an fassara mini.